Zan hau Mambila da Boxer, me ya kamata in ƙera masa kafin in tashi?

Ɗan Kurna: Slm 'yan uwa barkanmu da dare. Don Allah shawara nake nema. Insha Allah ƙarshen Oktoba nake son tashi daga Kano zuwa Gembu a kan babur ɗina, Boxer 150, ni kaɗai, ta Gombe, Numan, Jalingo, Bali har Serti sannan in hau dutse. Ban taɓa wuce Gombe a kan babur ba. Akwatunan nan na alminiyom da ake gani a jikin manyan mashina irin su Africa Twin sun fi ƙarfin aljihuna, shi ne nake tunanin in shiga Ƙofar Ruwa in sayi ƙarfe mai walda ya haɗa min akwati biyu ya manne su a jikin shasi, in ƙara jarkar mai a baya. Wanda ya taɓa irin wannan tafiya ya taimaka min.

Admin: Wslm, Allah ya kai ka lafiya. Baba Makaniki bismillah, wannan fanninku ne.

Baba Makaniki: Wa alaikumus salam. Ɗana ka yi kyan kai da ka tambaya kafin a kunna injin walda. Abu na farko da zan roƙe ka, kar ka bari a sa wa shasin babur ɗinka wuta. Bututun shasin ƙananan baburan nan ba shi da kauri, in aka yi walda a kai wajen da ya sha zafi ya kan yi rauni, kuma ba a ranar zai nuna ba, sai ka ɗora kaya ka sha gargada na kwana biyu sannan ya tsage daidai gefen waldar, a daji, inda babu mai walda. Duk abin da za a ƙera a ƙera shi a ƙasa, a gama, a fente, sannan a ɗaure shi da noti a ramukan da kamfani ya riga ya huda, wajen keriya da wajen matakin ƙafar fasinja. In ya karye ka kwance ka yar, babur ɗinka na nan lafiya.

Baba Makaniki: In kuma dole sai an ɗana walda a jikin babur to a cire tanki a kai shi nesa, a cire kan batir, a zare soket ɗin CDI, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar filogi. Na ga mashin da aka ƙona wa kayan wuta a kan walda ta minti 2.

Ɗan Kurna: Na gode Baba Allah ya ƙara girma. To akwatin fa, in yi na ƙarfen amma a ɗaure da noti?

Mai Himalayan: Ni dai ƙanina da za ka ji tawa ka bar maganar akwatin ƙarfe gaba ɗaya. Na yi shi a farkon fara tafiye-tafiyena, falan ƙarfe aka lanƙwasa min aka sa makulli, ya yi kyau a ido, amma kafin in saka ko riga ɗaya akwatunan kaɗai sun yi nauyin da gaban babur ya fara rawa, ga ƙara kamar ana dukan garwa. Abin da ya fi ba ni tsoro ranar da na zame a laka na sa ƙafa ƙasa in tare, kusurwar akwatin ta daki bayan ƙaurina, sati 3 ina ɗingishi. Tun daga nan na koma jaka mai laushi. Ka sayi tampol mai kauri irin na rufe tirela ka kai wa masu ɗinkin kushin su ɗinka maka jaka biyu haɗe da maɗauri mai faɗi da zai hau kan sit, bakin jakar ya zama na naɗewa sau uku a ɗaure, ruwa ba ya shiga ta nan. Mai walda aikinsa kawai ya yi maka ɗan firem na rodi siriri kowane gefe don ya hana jakar taɓa taya da salansa.

Oga Fanteka: Ban yarda duka ba yallabai. Jaka ana yanka ta da reza, in ya tsaya cin abinci a tasha ko ya shiga masallaci wa zai tsare masa? Mu nan Fanteka muna yin na alminiyom mara nauyi da ribit, ba sai falan ƙarfe ba, kuma kusurwa ana zagaye ta.

Mai Himalayan: Gaskiya ne akwai wannan. Amma kuɗi da waya da takardu ai a jikinsa za su kasance, abin da ke jaka tufafi ne da abinci.

Oga Fanteka: To a raba gardama, ƙaramin akwati ɗaya mai makulli a kan keriya na abu mara nauyi, jaka a gefe.

Baba Makaniki: Wannan ya yi, da sharaɗin mara nauyi ɗin da ka faɗa. Dokar loda babur ɗaya ce, mai nauyi ya sauka ƙasa ya matso tsakiya, mara nauyi ya hau sama. Duk abin da ya wuce aksul ɗin tayar baya yana ɗaga maka gaba ne, kuma hawan da ke bayan Mayo Selbe, garin da ke gindin dutsen, kwana-kwana ne a jikin dutse, ba wajen da za ka so tayar gabanka ta yi sakayau ba ne. Tunda kai kaɗai ne, wajen zaman fasinja nan ne wajen babbar jakarka.

Ɗan Sardauna: Slm, ni ɗan can ne, a Nguroje na tashi, yanzu nake ganin saƙonnin. Malam Ɗan Kurna sannu da niyya, za ka ga ƙasa mai kyau wlh. Abin da baƙi ba sa shiryawa shi ne sanyi da ruwa, ƙarshen Oktoba ruwa bai gama ɗaukewa a sama ba, za ka baro Serti kana gumi ka iso Maisamari haƙoranka na haɗuwa, ga hazo da safe wani lokaci ba ka ganin abin da ke gabanka sosai. Masu babur a wajenmu da yawa galan ɗin baƙin mai na lita 4 suke yankawa gida biyu su ɗaure a kan hannun babur ya rufe yatsu, yana tare iska da ruwa, ba ka kashe ko sisi ba. Ka dai tabbatar bai taɓa libar birki da ta kulochi ba in ka murɗa kai har ƙarshe. Na biyu madgad ɗin gaba, in za ka sauka daga kwalta ka shiga ƙauyuka ko gonar shayi ta Kakara bayan an yi ruwa, jar lakar nan tana cushewa tsakanin taya da madgad har tayar ta daina juyawa, a sa maka dogayen noti da ɗan bututu a ɗaga shi kamar yatsa biyu.

Ɗan Kurna: Kai madalla, wannan na galan ban taɓa tunaninsa ba. Yaya maganar mai a hanya?

Ɗan Sardauna: Akwai mai a Bali da Serti da sama ma, sai dai wani lokaci gidan mai a rufe sai 'yan bumburutu, kuma ya fi tsada a kan dutse. Ka cika tanki a Serti kafin ka hau. Ka kuma tambayi halin da ake ciki a Jalingo kafin ka shiga, an sha kafa dokar hana hawa babur a cikin garin, kar ka shiga da rashin sani.

Injiniya: Tankin Boxer lita 11 ne, ba ka buƙatar babbar jarka, lita 5 ta ishe ka ta ko-ta-kwana. Litar fetur ba ta kai kilo ɗaya ba, kusan kashi uku cikin huɗu ne na kilo, to lita 5 bai kai kilo 4 ba, amma in ka ɗauki ta lita 20 ka ɗora kilo 15 a wutsiyar babur yana kai-kawo a ciki. Ka sa ta ɓangaren da babu salansa, kar ka cika ta fal don fetur yana kumbura a rana, kuma don Allah ba gorar ruwa ba. Ka riƙe ƙyalle mai tsabta ko ƙaramin rariya na tace mai in ka saya a bakin hanya, sannan a sa maka filtar mai ta roba a tiyo tsakanin tanki da kafireto, kuɗinta kaɗan ne.

Injiniya: Wani abu kuma, saman Mambila ya kai wajen mita 1,600 daga teku, iska ta fi sirantaka, injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da ka hau. Za ka ji babur ya rage ƙarfi yana ɗan shaƙewa, filogi na iya yin baƙi, ba lalacewa ya yi ba. Kar ka bari a kwance maka kafireto a kan haka, ka tafi da filogi sabo guda 2 ka wanke filtar iska kafin hawa don ƙurar hanya ta riga ta cika ta.

Mai Himalayan: A nan ne sifroket, wato faifan nan mai haƙora da sarƙa ke hawa, yake taimako. In aka rage haƙori ɗaya a na gaba babur zai fi jan kaya a hawa, amma gudunsa a miƙaƙƙiyar hanya zai ragu inji ya riƙa kuka.

Baba Makaniki: Shi ya sa ni zan ce ya sayi ƙaramin ya sa a jaka, ya yi tafiyarsa ta kwalta da nasa na asali, in ya kwana a Serti da safe a canja a gyara jan sarƙa, aikin minti 20 ne. Kuma ɗana ka ji wannan da kyau, saukowa ta fi hawa haɗari. Kar ka kashe inji ko ka sa firi don tsimin mai, ka sauko da giya ta 2 inji na riƙe ka, in ka dogara da birki kaɗai zai yi zafi ya daina kamawa. Ka sa sabon takalmin birki tun daga Kano ka yi kwana biyu kana hawa ya zauna.

Hajiya Mai Lifan: Sannunku da hira. Ni ban yi nisa irin naku ba amma abin da na koya wajen mahaifina shi ne buzu, fatar rago mai gashi ya shimfiɗa a kan sit ya ɗaure da roba, ba ta zafi a rana kuma iska na ratsawa. In hadari ya taso ka cire ka sa a leda don in ta jiƙe ta daɗe ba ta bushe ba. Kayan sawa kuma kowanne a ledarsa kafin ya shiga jaka, ko da an ce jakar ba ta shan ruwa.

Ɗan Kurna: Na gode Hajiya, akwai buzun layya a gida kuwa. Saura cajin waya, da ita zan riƙa duba hanya.

Injiniya: Cajar USB ta babur tana nan a kasuwa, matsalar yadda ake haɗa ta ne. Kar a ɗaura ta kai tsaye a kan batir, tana shan wuta a hankali ko babur na kashe ka wayi gari batir ya mutu, a ɗauko wutar daga wayar da ke kawowa sai an murɗa makulli, a sa mata fiyus nata ƙarami kamar amfiya 3 ko 5, a naɗe mahaɗar da kyau saboda ruwa. Haka in za ka ƙara fitilar LED saboda hazo, a fara gwada ko wutar fitilarka daga batir take ko kai tsaye daga koyil, kuma ɗaya ko biyu ƙanana sun isa, a sa su ƙasa-ƙasa kar su kashe wa masu tahowa ido. Wayar hannun kuma in mai tsada ce kar ka ɗaure ta a kan hannun babur, kamfanin Apple da kansa ya yi gargaɗi a 2021 cewa girgizar injin babur na iya lalata kyamarar iPhone. Tsohuwar waya ta isa taswira, ka sauke taswirar tun kana gida don akwai wuraren da babu sabis.

Oga Fanteka: Kayan aiki kuma fayif ɗin ruwa na roba inci 3 ko 4, tsawon kamu ɗaya da rabi, a toshe gefe ɗaya a sa murfi mai zare a ɗayan, a ɗaure shi da kilif a ƙasan firem ɗin jaka. Sifana, filaya, ƙarfen cire taya, kayan faci, mahaɗin sarƙa duk su shige. Sannan a manna ɗan faffaɗan ƙarfe a ƙasan jak ɗin gefe don kar ya nutse a laka, wannan ciro jak ɗin ake a yi waldar a ƙasa, Baba kar ku yi faɗa.

Baba Makaniki: Wannan na yarda. Ka ƙara da wayar kulochi sabuwa, a bi da ita gefen tsohuwar a ɗaure a toshe bakinta da salatif, in waccan ta tsinke sai dai ka maƙala. Tub na gaba da na baya, famfo, da robar tsohon tub mai yawa. Farantin kare ƙasan inji in za ka yi to alminiyom, a huda shi saboda iska ce ke sanyaya injin nan, a bar ramin juye baƙin mai. Duk notin da aka ƙara a sa masa sifirin washa ko noti mai roba a ciki.

Baba Makaniki: Kuma kar ka gama ƙira yau ka tashi gobe. Ka loda kayan nan duka yadda za ka tafi da su har jarkar mai, ka je Wudil ko Gaya ka dawo, ka ɗan sauka daga kwalta ka sha gargada, in ka dawo ka bi kowane noti da sifana ka duba inda jaka ta goga. Ka ƙara wa shokazoba na baya tauri in ya zauna da yawa.

Ɗan Kurna: Wlh na ji daɗi, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na fasa akwatin ƙarfe, gobe zan nemi tampol da rodi. Baba in na gama firem ɗin zan turo hoto ku duba min kafin a fente.

Baba Makaniki: Turo ta gefe da ta baya, ina son ganin tazarar da ke tsakaninsa da salansa.

Ɗan Sardauna: In ka sa rana ka min magana ta gefe in tambayo maka halin hanya daga direbobin Serti. Ka bar Bali da sassafe, kar magariba ta same ka a kan hawan.