Shawarwari kan gyaran horar da sabbin malamai a jami'o'in Najeriya

A tattaunawar da malaman tsangayar ilimi suka yi da wasu shugabannin makarantu, batun koyarwar gwaji, wato lokacin da ake tura ɗalibi makaranta ya koyar a aji na gaske, shi ne ya fi cin lokaci. Sau da yawa malamin jami'a mai duba ɗalibi yakan je sau ɗaya tak, ya leƙa littafin tsara darasi, ya sa hannu, ya ba da maki. Rashin kuɗin mota ne yakan jawo haka. Shawarar ita ce a ware wannan kuɗin tun farkon zango, a je aƙalla sau uku, kuma malamin ajin da ɗalibin ke ƙarƙashinsa ya riƙe wani kaso na makin, tunda shi ke ganinsa kullum.

Kafin a tura ɗalibi, ya koyar da abokan karatunsa na minti goma, a ɗauka da waya, a kalla tare. Nan ne zai ga kansa yana magana da allo, ya juya wa aji baya.

Manhajar karatun jami'o'i ta CCMAS, wadda hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa (NUC) ta ƙaddamar a 2022, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari na darussa ta tsara da kanta. Mahalarta sun so a sa koyar da karatu ta hanyar sautin haruffa a ciki, da dabarun riƙe aji mai cunkoso.