Wa aka taɓa karɓe wa waya a shingen hanya aka bincika?

Ɗan Kwari:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya ina dawowa daga Zariya a motar haya aka tsayar da mu, wani mai kaki ya leƙo yace kai mai jar hula sauko, buɗe wayarka. Wlh ban yi musu ba na ɗora yatsa ta buɗe, ya shiga WhatsApp yana karanta hirata da uwargida yana murmushi, sai ya ga alat na dubu ɗari uku kuɗin atamfar wani kwastoma yace ina na samo, muka fi minti arba'in a gefen titi fasinjoji na ta tsaki. Kuɗin bai dame ni ba, murmushin nan ne har yanzu yake ci min rai. Dan Allah duk wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan ya faɗa mana.

Maman Ihsan:
Alhaji ai naka da sauƙi. Ni hotunan bikin ƙanwata ne a ciki, na ranar kamu, mata zalla babu mayafi, mutumin nan yana ja yana ƙara girman hoto da yatsu biyu, nace bawan Allah matan aure ne fa, yace aikinsa yake. Kuka nayi har gida, kuma ban faɗa wa maigida ba don nasan halinsa zai iya komawa wurin.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Allah ya ba ki haƙuri Hajiya. Ni ma an taɓa min, na miƙa, amma na karanta masa aya ta 12 a Suratul Hujurat, wa la tajassasu, kada ku yi bin diddigin asirin juna. Kuma Suratun Nur aya ta 27 ta hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, to wayar yanzu ai ta fi uwar ɗaka, bashinka da rashin lafiyarka da faɗanka da iyali duk suna ciki. Malamai suna kawo labarin Sayyidina Umar da ya haura katanga ya tarar da mutum yana shan giya, mutumin yace ni laifi ɗaya nayi kai uku, ka yi leƙen asiri, ka shigo ta katanga, ba ka yi sallama ba, kuma Umar yana halifa ya ƙyale shi. Jami'in dai kunya ta kama shi yace Malam ayi mana addu'a.

Direban Funtuwa:
Allah gafarta Malam ban ƙi taka ba amma ku zo ku bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau sati ɗaya tukun. Infoma ta waya yake kiran 'yan bindiga yace ga mota nan ta taso, shi yasa ma a 2021 aka katse layukan waya a Zamfara. Ni kullum miƙawa nake da hannu biyu, gara a karanta saƙona da a kwana da ni a daji.

'Yar Lauya:
Baba direba tsoronka gaskiya ne, amma atamfar Alhaji da hotunan kamu me ya haɗa su da infoma? Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gidan ɗan ƙasa da wasiƙunsa da hirarsa ta waya. In ana zargin mutum akwai hanya, a je gaban alƙali a samo waranti. Ku tuna irin wannan binciken wayar yana cikin abin da ya tada zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020, har Sufeto Janar na lokacin Mohammed Adamu ya fito ya hana. Ni da aka tare ni cewa nayi ranka ya daɗe ina takardar kotu, murya ƙasa ƙasa, ya harare ni yace wuce. Amma gsky rana ce tsaka ga mutane, da dare ne ni kaɗai ban san ko zan iya ba.

Abban Sadiq:
Toh ku da kuke bincika wayar matanku in sun shiga wanka fa, ayar ba ta hau kanku ba? 😂

Malam Na Bakin Kasuwa:
Ta hau mana, ba a ware kowa ba.

Ɗan Kwari:
Na gode jama'a. Ɗazu na sayi 'yar rakani kashi dubu tara ita zan riƙa tafiya da ita, babbar ta zauna a shago.

'Yar Lauya:
Haba Alhaji, wato kai ka biya dubu tara don laifin wani kenan. Laraba in za ka koma Zariya tafi da babbar, ka zauna kusa da direba, in an ce buɗe ka tambayi sunansa da lambarsa a gaban fasinjoji sannan ka dawo ka bamu labari.