Kyamarar shago ta ƙi fitowa a wayata in ina cikin gida

Ɗan Arkilla: Salamu alaikum jama'a. Shagona na gaban gida ne, tsakaninsu bai wuce mita 60 ba. Rauta (na'urar raba intanet) mai SIM tana falo, daga can munka ja kebul zuwa wata rauta a shago, inda na'urar kyamarori huɗu da firinta suke. Intanet lafiya lau ko'ina. Amma da na shigo gida, kyamara ta ɓace, firinta ma haka. Yaron da ya haɗa min ya tafi hidimar ƙasa. Mi ke faruwa? Kuma ina son in riƙa ganin shagon ranar da na tafi Illela sari.

Mai gyaran kwamfuta, Mabera: Wa alaikumus salam Alhaji. Duba bayan rautar shago. Na tabbata kebul ɗin yana ramin da anka rubuta WAN, na shigowar intanet daga waje, wanda launinsa ya bambanta. Haka ta sa ta yi nata gida daban: ta falo tana raba wa na'urori lambobin adireshi 192.168.8.kaza, ta shago tana raba 192.168.0.kaza. Na shago suna iya leƙo falo, na falo ba su iya shiga shago. Shiga saitin rautar shago, ka ba ta 192.168.8.2, ka kashe DHCP (saitin da ke raba lambobin), sannan ka mai da kebul ramin LAN, na haɗa na'urorin cikin gida. Kada ka juya tsarin, in ka fara kashe DHCP sai ka sha wuyar sake shiga. Na'urar kyamara kuma a kafe mata lamba guda, ba cikin waɗanda ta falo ke rabawa ba, in ba haka ba duk ɗaukewar wuta tana iya tashi da sabuwa.

Malamar lissafi: Zancen Illela daban ne, Alhaji. Layukan SIM galibi mutane da yawa ke tarayya a adireshi ɗaya na waje. Duba adireshin WAN na rautar falo. In ya fara da 10, ko tsakanin 100.64 da 100.127, buɗe ƙofa a rauta don ka ga kyamara daga waje ɓata lokaci ne. Ko ka yi amfani da lambar QR ta na'urar da manhajarta, ko ka sa Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urorinka ta intanet, a wayarka da kwamfutar shago, sai dai dole kwamfutar ta kwana a kunne, a kuma saita ta ta zama mashiga zuwa na'urar kyamara. Don Allah a canja kalmar sirrin na'urar kyamara, ba 12345 ba.

Baban Gawon Nama: Kebul ɗin dai a sa shi cikin bututu. Nawa na bari bisa kwano, zafin Afrilu ya gasa shi har ya tsattsage. Mita 60 ba matsala, iyakarsa 100.

Ɗan Arkilla: Malam, ramin WAN ɗin ne kuwa, shuɗi. Na mai da shi bayan La'asar, ga shi ina falo ina kallon yaro yana gyangyaɗi kan buhun sukari. Malama, adireshin ya fara da 100.72, sai gobe in gwada QR ɗin.