Kekena yana cukurkuɗa zare ta ƙasan yadi, ina matsalar take?

Mai_Ƙyallaye:
Assalamu alaikum, dan Allah waɗanda suka san kan keken ɗinki ku taimaka min don wlh kaina ya ɗaure. Butterfly gare ni baƙin nan na ƙafa, tsoho ne amma bai taɓa ba ni wahala ba sai satin nan. Ta sama ɗinki na fita tsaf, ina juya yadin sai in tarar zare ya yi cunkus ta ƙasa kamar gashin da ba a taje ba, wani lokacin ma yadin ya maƙale sai na sa almakashi. Na ciro koshiya na ɗaure ɗan sukurun jikinta, na sassauta, na sake ɗaurewa, abin sai gaba yake yi, yanzu har tsallake ɗinki ya fara. Bargo nake haɗawa da ƙyallayen da na tara, hawa uku ne har da siririn soso a tsakiya, ko kaurin ne ya fi ƙarfin keken?

Tsohon_Tela:
Wa alaikumus salam. 'Yata fara cire hannunki daga sukurun koshiyar nan tukuna, ba shi ya yi miki laifi ba. In kika ga zare ya taru a ƙasa to yawanci zaren SAMA ne ya saki, shi ne koshiya take janyowa ƙasa ya rasa mai mayar da shi. Tambayata ɗaya, lokacin da kika zura zaren ƙafar da ke danne yadi a ɗage take ko a sauke? Domin faifan tenshan guda biyun nan masu matse zaren sama sai an ɗaga ƙafa suke buɗe baki, in a sauke take zaren bisa kansu kawai zai kwanta bai shiga tsakani ba, ke kina ganin kin zura daidai alhali babu abin da ke riƙe da shi. Zare shi gaba ɗaya, ɗaga ƙafa, juya wilin hannu har ƙarfen nan mai hawa da sauka ya kai ƙarshen sama, sannan ki sake zurawa kar ki tsallake ramin ƙarfen. In kin gama sauke ƙafa ki ja zaren, za ki ji ya yi tauri, in yana zuwa salalala to bai shiga ba.

Tsallake ɗinki kuma allura nake zargi. A irin kekenki gefen allura mai faɗi dama yake kallo, dogon kwarin da ke jikinta yana hagu, zare ya shiga daga hagu ya fita dama. Ki tura ta sama har ta tokare kafin ki ɗaure. Kuma canza sabuwa, lamba 14 ko 16 tunda hawa uku ne.

Koshiyar da kika riga kika taɓa, sa mata zare ki riƙe bakin zaren ta yi lilo, ki ɗan girgiza hannu. In ta sauko kaɗan ta tsaya, daidai ke nan. In ta zube ƙasa ɗaure, in ta ƙi motsi sassauta, amma kwatan juyi kwatan juyi, kuma a kan farin ƙyalle za ki yi don in sukurun nan ya faɗi sai dai ki yi haƙuri.

Bakanike_Ƙarami:
Ni fa Baba ina ganin tayimin ne ya goce, wato daidaiton lokacin haɗuwar allura da ƙugiyar da ke ɗaukar zarenta a ƙasa, tunda ta ce yadi na maƙalewa, ƙila tana ja da ƙarfi. In bakin ƙugiya bai riski allura a kan lokaci ba dole ya yi tsallake. Kawai ta kai wa mai gyara.

Tsohon_Tela:
Yaro kada ka tsorata ta. Tayimin yana gocewa gaskiya, amma shi ake dubawa a ƙarshe. Allura in ta kai ƙasa ta taso kamar milimita 2, a nan bakin ƙugiya yake wucewa dab da saman idonta, wannan ko ita za ta iya leƙawa ta gani in ta zame murfin. Keke nawa aka kawo min da sunan tayimin ashe allura ce a juye.

Anti_Bargo:
'Yar uwa bi maganar Baba, ni kan bargon zan yi magana don na sha wuyarsa. Haƙoran keke hawan ƙasa kaɗai suke ja, ƙafa kuma tana tura na sama, shi ya sa za ki kai ƙarshen layi ki ga ɗaya ya fi ɗaya tsawo duk ya tattare. Shimfiɗa shi a ƙasa ki kama da fil kusan duk faɗin tafin hannu, ko ki yi masa manyan ɗinkin hannu na wucin gadi, ki fara daga tsakiya ki yo waje. Ƙara tsawon ɗinki ya kai kamar milimita 3, sannan ɗan sassauta sukurun can saman keken mai danna ƙafa. Akwai ƙafa ta musamman mai nata haƙoran da ke jan na sama tare, in kin samu wadda ta shiga kekenki kin huta. Sannan kar ki bar nauyin bargon ya rataya a gefen tebur, ja yake yi ya lanƙwasa allura.

Af, yaushe rabon ki cire farantin ƙarƙashin allura? Soso yana zubar da gashi ba kaɗan ba. Share da tsohon buroshin haƙori, ki ɗiga man keke ɗigo ɗaya inda koshiya ke juyawa. Man keke fa na ce, banda na girki, daskarewa yake ya zama danƙo.

Mai_Ƙyallaye:
Kai jama'a kunya ta kama ni wlh. Baba ƙafar a sauke take, kuma allurar da na canza ranar da ta farko ta karye a juye na sa ta. Na gyara duka biyun, na cire farantin Anti na ciro datti ya kai girman ɗan yatsa duk ya danƙare tsakanin haƙora. Na gwada a ƙyalle ninki biyu ya fita sumul sama da ƙasa. Allah ya saka da alheri. Saura koshiya, na girgiza ta zube har ƙasa, yanzu haka ina durƙushe ƙarƙashin kujera ina lalubenta.