Cefanen Hajiyarmu: shagon unguwa a Birnin Zazzau ko sari daga Kaduna?

Abu Hanif: Salamu alaikum. Ina aiki a Kaduna, mahaifiyata tana cikin birnin Zariya, bayan fada. Kayan abincinta na wata a shagon wani dattijo na unguwa muke ɗauka, in biya ƙarshen wata. Yanzu maiɗakina ta ce in riƙa sarowa a Kasuwar Sheikh Gumi in ɗora a mota daga Kawo, ya fi sauƙi. Abin da ke damuna, lokacin ƙarancin takardun kuɗi a 2023 dattijon nan bai taɓa mayar da ɗan aikenta hannu rabbana ba. Wa ya taɓa shiga irin wannan?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Ka je babban kanti kawai, farashi a rubuce, ba ciniki.

Abu Hanif: Hajiya, ba ni zan ci ba, tsohuwa ce a Zariya.

Ɗan Kwarbai: Malam Abu, ni na yi tireda a cikin birni, bari in gaya maka. Littafin bashina ya fi littafin ciniki kauri. Ƙanin uba ya ɗauki taliya, maƙwabci ya ɗauki man gyaɗa, duk "sai albashi". Albashi ya zo, sai ka hango mutum ya sauka daga mota da katan-katan daga Sabon Gari, ya bi ta bayan layi kada ku haɗa ido. Da kuɗi a hannu wajen dila ake zuwa, in babu sai a tuna da kai. Da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin ɗauko kaya ya cinye ɗan abin da ya rage. Na rufe. Har yau akwai wanda muke sahu ɗaya da shi a masallaci, kuɗina na wuyansa.

Maman Ilham: Allah ya mayar da alheri. Amma ku ma kuna tsawwalawa. Mudun shinkafa na saya 2,200 a Kaduna, a unguwa aka ce min 2,800.

Ɗan Kwarbai: Wane mudun? Akwai wanda an bubbuge gindinsa.

Injiniya: Jiya aka auno min a 2,500 a Tudun Wada. Kuma ku sa kuɗin mota da na ɗan dako. Kaduna zuwa Zariya kusan kilomita 80 ce, buhu ba ya tafiya kyauta.

Bakano Mai Kwari: Zage-zagi ana lissafin mudu! Ku zo Kasuwar Singa a Kano mu koya muku kasuwa, kyauta.

Ɗan Kwarbai: Bakano, ka fara biyan kuɗin ɗinkin babbar rigar da aka yi maka a birni tukuna.

Goggo Asabe: Ɗana, wanda bai taɓa jinyar tsoho ba kada ya ba ka shawara. Ranar da gishiri ya ƙare mata bayan isha'i, Kasuwar Gumi za ta aika? Mai shagon nan shi zai fara lura in kwana biyu bai ga ɗan aikenta ba.

Injiniya: Goggo, da girmanki, amma tausayi ba ya cika buhu. Ya sayi shinkafa da suga a sari, ƙananan kaya a unguwa.

Ɗan Kwarbai: Wato a bar masa ashana da magi. Kai da ke Abuja, yaushe rabonka da shiga ta Ƙofar Doka?

Injiniya: Sallar da ta wuce, na ga hawan daushe ma.

Tela Barci: Ku kuna da shagon da za ku yi gardama a kai. Mu da aka rushe mana Kasuwar Barci ta Kaduna a 2020, kekena a zaure yake har yanzu. Sabbin shaguna sun yi kyau, amma kuɗinsu ba na tela ba ne.

Maman Ilham: Wallahi mai yi min ɗinki ma tun lokacin na rasa inda ya koma.

Abu Hanif: To jama'a, ni dai wata ya kusa ƙarewa.

Bakano Mai Kwari: Tela, nawa suke cewa shago ɗaya yanzu?