Bilicin ɗin markaɗen itace: magani na ƙarewa, fari bai kai ba

Mai_Tambaya:
Assalamu alaikum. Masana'antar takarda ce ke dafa itacen turare (eucalyptus) ta hanyar kiraf, wato dafa shi da sinadarai don a raba zarensa. Markaɗen na fitowa da lambar kappa (ma'aunin yawan liginin, wato sinadarin itace mai sa markaɗe duhu, da ya rage) wajen 17, ana masa bilicin (faranta shi) da jerin matakai uku, D-Eop-D: D matakin kulorin dayokzayid ne, Eop kuma na kostik soda da oksijin da farokzayid. Kulorin dayokzayid na tafiya da yawa, amma farin ya cije a 87 na ma'aunin ISO, ana neman 90. A ƙara magani ne?

Injiniyan_Wanki:
Wa alaikumus salam. Malam, kada a ƙara tukuna, a fara duba wanki. Baƙin ruwan dahuwa da ya biyo markaɗe shi ke lashe maganin tun bai taɓa liginin ba. A auna COD (ma'aunin dattin da ke cikin ruwa) na ruwan da ake matsewa a injin wanki na ƙarshe. Ban kuma ga matakin oksijin da ake yi kafin bilicin a jerinku ba. Wannan mataki, da zafi digiri 90 zuwa 100 na Salshiyas, kaurin markaɗe kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari, da kostik soda, kimanin awa guda, yana zubar da wajen kashi 40 cikin ɗari na kappa. A sa ɗan maganiziyam salfet, in ba haka ba zaren zai yi rauni.

Mai_Sinadari:
Gaskiya ne Injiniya, sai dai turare na da nasa hali. Kaso mai tsoka na kappa ɗinsa ba liginin ba ne, asid ne da ake kira HexA, wanda ke samuwa daga zailan (wani sinadari da ke cikin itacen) lokacin dahuwa. Oksijin ba ya taɓa shi, amma yana shan kulorin dayokzayid, yana kuma sa takarda ta yi rawaya in ta daɗe. Maganinsa asid mai zafi: pH 3 zuwa 3.5, digiri 90 zuwa 95, awa 2 zuwa 4. Masana'antun Burazil da yawa sun haɗe shi da D na farko. Yana cin tururi, in pH ya faɗi da yawa kuma zare ya lalace.

Tsohon_Ofareta:
Kafin a kashe kuɗin sabuwar hasumiya ta ƙarin mataki, a duba pH a ƙarshen D na biyu. Tsakanin 3.5 da 4.5 ake so. In ya haura, maganin na komawa kulorait ya fita a banza. Farokzayid na Eop kuwa, manganis da ƙarfe ke rusa shi. In an auna ragowar farokzayid aka ga babu, fari kuma bai motsa ba, to su ne.