Neman shawara: wace robar birki ce za ta riƙe mini keken trial?

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, da fatan kowa ya wuni lafiya. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan keke.

Wata huɗu ke nan da na sayi keken trial cikin kayan gwanjo na Turai. Ga wanda bai san shi ba, shi ne keken nan marar sirdi da ake hawa dakali da duwatsu da shi, a ɗaga tayar gaba a tsaya a kan ta baya, a yi ta tsalle ba tare da ƙafa ta taɓa ƙasa ba. Nawa mai taya inci 26 ne. Birkin baya na mai ne, Magura HS33, mai matse gefen rim. Na gaba kuma V-brake ne na waya.

Robar da ya zo da ita a baya ta riga ta cinye. Na zagaya babbar kasuwa ban samu irinta ba, sai wani mai faci ya yanka mini baƙar robar birki ta keken yau da kullum ya manna da gam. A kan hanya tana tsayar da keke lafiya lau. Amma ranar Juma'a bayan la'asar na ɗora tayar baya a bakin wani dakalin siminti da bai wuce gwiwata ba, na damƙe birki iya ƙarfina, sai kawai na ji tayar ta sulale baya. Gadon bayana ya bugi ƙasa, gwiwar hannuna ta ɗaye, ƙeyata kuma ba don hular kwano ba da Allah kaɗai ya san abin da zai faru. Tun ranar ko ƙaramin tsalle zan yi sai gabana ya faɗi.

Ɗan wan babana yana karatu a Faransa, zai zo hutu ƙarshen wata mai zuwa, ya ce in faɗa masa abin da zai sayo. Na ga sunaye a intanet, Heatsink, TNN, Coust, wata rawaya wata shuɗiya, kaina ya ɗaure. Wacce zan ce masa? Na kuma ga ana gurza gefen rim da injin masu walda. Dole ne? Rim ɗaya gare ni, in ya lalace keken ya zama na jinginewa a bango.

Mai Kabu-kabu Zariya:
Wa alaikumus salam. Sannu, Allah ya ƙara tsarewa. Ka goga ɗan kwalta a gefen rim ɗin mana. Muna yara haka muke yi, birki ya kama kamar an ɗaure.

Baba Mai Gyara, Sabon Gari:
Sannu yaro, Allah ya kiyaye na gaba. Na daɗe a gyaran keke, irin naka kuwa guda biyu suka taɓa shigowa hannuna, amma na zauna na yi musu kallon tsanaki.

Ka fara gane abin da ya kayar da kai. Robar keken yau da kullum an yi ta ne don ta rage gudu sannu a hankali, ta bar taya tana ɗan zamewa, kada mahayi ya kifa. Abin da ake yabonta da shi a kan hanya shi ne ya cuce ka a kan dakali. Kai birkin da kake so iri biyu ne na aiki: ya cafke nan take da ka taɓa shi, sannan ya riƙe ko da duk nauyinka yana jan tayar baya. Ka lura, baya na ce. Keken kasuwa gaba kawai yake neman tsayawa, naka kuwa in taya ta hau bakin dakali komawa baya take son yi.

Saboda haka kada ka fara da tambayar wace roba. Fara da tambayar wane rim gare ka. Roba da rim kamar turmi da taɓarya ne, ba a zaɓen ɗaya a bar ɗaya. Rim mai santsi roba mai laushi yake so. Rim da aka gurza mai ɗan tauri yake so, don in ka sa masa mai laushi zai cinye ta kamar an goga sabulu a kan dutse. In kuma ka sa mai tauri a kan santsi, zamewar da ka gani ita za ka sake gani.

Yanzu ka wanke gefen rim ɗin, ka ɗora bakin wuƙa ko ƴar rula a tsaye a kansa, ka duba ta wajen haske. Ya lotsa ciki kamar cokali ko yana nan miƙe? Da fenti ko babu? Ka ba ni amsa.

Ɗan Bagalam:
Na gode Baba. Na duba yanzu da fitilar waya. Miƙe yake, haske ba ya wucewa ƙarƙashin rular sai ɗan ƙiris. Babu fenti, fari ne yana sheƙi, amma in na bi da farce ina jin wasu ƙananan zane-zane a tsaye da suka kusa shafewa.

Baba Mai Gyara, Sabon Gari:
To, mai shi na farko ya taɓa gurza shi, gurzar ce ta mutu. Da sauran nama a jikinsa ke nan.

Ɗalibi daga Ali Ɗan Sofo:
Ina jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, kuma shekara biyu ina wannan wasa, nawa mai inci 20 ne. Yaya mai kabu-kabu, ka yi haƙuri, maganar kwalta ba zan bari ta wuce ba. Gaskiya ne masu trial a Turai ma suna amfani da ita a kan rim mai santsi, ana goga ɗan dunƙule wuri uku ko huɗu. Na gwada ta nan Maradi. Da sanyin safiya tana kamawa ƙwarai. In rana ta take, musamman watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, sai ta narke, robar ta manne a rim. Ka saki birki kana son taya ta juya don ka yi tsalle, ita kuma ta ƙi saki. Wannan ma faɗuwa ce, ta gaba kuma. Ga ƙurar garin nan: minti kaɗan yashi ya liƙe a kwaltar, ta koma kamar samfefa tana cin robar. Da damina kuwa, in ruwa ya taɓa ta santsi take yi fiye da rim ɗin da ba a sa wa komai ba.

Ni shawarata ka gurza, amma gurza marar zurfi. Amfaninta a wajenmu shi ne ƙura tana samun inda za ta shige, ba ta zama shimfiɗa tsakanin roba da ƙarfe.

Game da sunayen da ka gani: duk ukun robar trial ce ta gaske, akasari da wata irin roba mai suna polyurethane ake yin irinsu, ba baƙar robar kasuwa ba. Heatsink na Ingila ne. Coust kuma ta Faransa ce, sunan daga iyalin Coustellier yake, gidan da Gilles Coustellier ya fito, wanda ya ci gasar duniya ta trial sau da dama. Kada launi ya ruɗe ka. Rawayar wani kamfani ba ita ce rawayar wani ba, kowa da yadda yake raba nasa. Ka ce wa ɗan uwanka ya karanta bayanin da ke jiki, ya nemi wadda aka rubuta ta dace da gurza marar zurfi ko matsakaiciya, kuma mai shiga HS33. Wannan na ƙarshen ka nanata masa, don ta V-brake da noti ake ɗaure ta, ta Magura kuwa danna ta ake yi ta maƙale a kan fistan, wato abin da ke tura robar zuwa rim. In ya kawo ta V-brake ba za ta shiga ba.

Mai Kabu-kabu Zariya:
Ba komai ƙanena, ka fi ni sani a nan. Mu da ma gudu muke da shi, ba hawan dakali ba.

Mai Walda, hanyar Madarumfa:
Ni zan yi magana a kan abin da na sani, wato injin. Ɗan Bagalam, kada ka miƙa wa yaron shago rim ɗinka ka tafi shan shayi. Mu mun saba da ƙarfen ƙofa da taga, hannunmu da nauyi. Rim alminiyom ne, in aka danna masa inji yadda ake danna wa ƙarfe, zagaye ɗaya ya isa a huda shi.

A cire taya da tub gaba ɗaya. A kwantar da ƙafar keken a ƙasa, a take ta kada ta motsa. Bakin faifan injin kawai zai riƙa taɓa gefen rim, ba a dannawa, nauyin injin ya wadatar, hannu kuma yana tafiya, ba ya tsayawa wuri ɗaya. Abin da ake so ƙananan zane masu kaifi a tsaye, daga sama zuwa ƙasa, waɗanda in ka shafa da yatsa za ka ji suna kama fata. Ba rami ake haƙawa ba. A sa tabarau, garin alminiyom a ido ba wasa ba ne. Ka nemo tsohon rim da aka yar wajen masu gyara a fara gwadawa a kansa, in hannu ya faɗa sannan a taɓa naka. Ka kuma sani kowace gurza tana rage kaurin rim, saboda haka sai ta mutu sosai ake sabunta ta, ba duk sati ba.

Ɗan Bagalam:
Allah ya saka da alheri. Tambaya ɗaya ta rage. Na ga gindin da ake manna robar birki a kansa iri biyu ne: akwai mai gindin roba da mai gindin alminiyom, ta biyun ta fi tsada. Ta cancanci ƙarin kuɗin?

Ɗalibi daga Ali Ɗan Sofo:
A wajena ta cancanta. Gindin roba yana ɗan lanƙwasawa in ka matsa da ƙarfi, sai ka ji birkin kamar kana matsa burodi. Na alminiyom ba ya ba da kai, kuma in robar ta ƙare sabuwar roba kaɗai za ka saya ka manna a kansa. Mu da ba a sayar da kayan nan a garinmu, wannan babban abu ne. Ka ce ya haɗo da robar canji ko da biyu.

Baba Mai Gyara, Sabon Gari:
Ban ƙi ta ɗalibi ba, amma ku tsaya. Kafin yaron nan ya zuba kuɗi a gindin alminiyom, ya duba keken kansa. Yaro, tsuguna a bayan keken, ka sa wani ya damƙe birki da ƙarfi, ka zuba ido a kan ƙarafa biyun da birkin ke ɗaure a jikinsu. In ka ga suna buɗewa, to rabin ƙarfin hannunka can yake tafiya, ba ya isa ga rim. Akwai wani ƙarfe mai siffar kofaton doki da ake ɗaurawa a kan birkin ya haɗe gefe biyun, busta ake ce masa. In babu a naka, ya fi gindin alminiyom gaggawa.

Sai ɗaurin robar. Mu masu gyara mun saba karkata bakin roba kaɗan, gabanta ya riga bayanta taɓa rim, don kada birki ya yi ƙara. A keken trial ba a yin haka. Dukkan fuskar robar za ta sauka a kan rim lokaci ɗaya, daram, gefe biyu daidai, da tazarar kamar milimita 2. Kada ta hau sama ta taɓa taya, za ta yanka maka ita. In ka karkata ta, gaba za ta riƙe, baya ta sake ka. Birkin da aka ɗaure daidai a kan gurza ƙara yake yi kamar kukan dinya, maƙwabta za su ji. Kada ka bari wani ya ce zai gyara maka ƙarar.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne wanda na fi jin tsoro. In hannun birkin ya yi laushi ka kai wa mai gyara, zai iya ɗauko man birkin mota ya ɗura maka da kyakkyawar niyya. Kada ka yarda. Magura man ma'adinai yake sha, nasu ana kiransa Royal Blood. Man birkin mota, wanda ake rubuta DOT a jikinsa, kumbura ƙananan robobin ciki yake yi ya lalata su, daga nan birkin ya tashi aiki, kuma ba inda za ka samu kayansa a nan. Tunda ɗan uwanka zai zo, ya haɗo da ƴar kwalba ɗaya. Haka kuma in kana sa wa sarƙa mai, ka rufe rim da tsumma. Ɗigo ɗaya na baƙin mai a kan sabuwar roba ya isa ya kashe ta.

Uwar Ƴan Biyu:
Ni ban san keke ba, ɗana ne ke bin wannan zaure da wayata. Ɗan nan, ka je a duba maka bayan nan tukuna. Buguwar gadon baya ba a raina ta. Kuma don Allah ka bar hawan dakali har kayan su iso.

Ɗan Bagalam:
Na gode Inna, na je asibiti ranar Asabar, sun ce ba karaya, tsami ne kawai. Na ji maganarki, ba zan hau komai ba sai tsayuwa a fili.

Baba, na yi gwajin da ƙanena. Ƙarafan suna buɗewa, da ido ake gani, kuma babu busta. Ga abin da na tura wa ɗan uwana: busta mai dacewa da HS33, robar trial mai shiga HS33 ta gurza marar zurfi, da robar canji, da kwalbar man. Gindin alminiyom in kuɗin sun kai. Ta gaba zan bar ta yadda take tunda tana riƙewa. Gurzar kuma ba zan yi ba sai robar ta zo hannu.

Maigida mai walda, wace rana ce ba ka da cunkoso? Na samu tsohon rim guda wajen mai facin unguwarmu.

Mai Walda, hanyar Madarumfa:
In kayan sun iso ka zo ranar Lahadi da safe, kafin a ɗauke wuta. Ka taho da rim ɗin gwajin da kuma robar, in ga taurinta kafin in taɓa naka.